Amarya Ta Tare, Rufi Na Yoyo

'Yan uwana mata, yau zancen ƙwallo na zo mana da shi. Kar ki yi saurin juya shafi ki ce ina ruwanki, domin kuwa da ruwanki dumu-dumu, tunda kallon ƙwallon nan shi ne yake fitar miki da miji tun ƙarfe takwas na dare, ba zai dawo ba sai sha ɗaya ta gota, tuwo ya huce, miya ta daskare, yara sun yi barci ba su ga ubansu ba. In kulob ɗinsa ya yi nasara ki samu fara'a har da tsarabar balangu, in kuwa an lallasa su, to ranar ko sannu da zuwa kika ce sai ta zama laifi. Abin da yake da iko da fuskar mijinki har haka, ai ya kamata ki san ko mene ne.

Mu mata aka yi wa shaidar gulma da tsegumi, mu ne masu zaman saka baki a abin da ba ruwanmu. To don Allah wata rana ki aiki kunnenki majalisar ƙofar gida, ko teburin mai shayi da safiyar Litinin, ki ji abin da manyan mutane masu gemu da iyali suke tayar da jijiyar wuya a kai. Magana biyu ce ba ta uku. Ta farko koci, wato mai horar da 'yan wasa: bai iya ba, bai san canji ba, ya kashe mana kulob, a kore shi. Ta biyu sabon ɗan wasan da aka sayo: an gama, magana ta ƙare, bana kofi namu ne. Wanda yake cikin gida yana fama shi ne abin zagi, wanda ko akwatinsa bai sauke ba shi ne abin yabo.

Duk macen da ta yi zaman gidan kishiya, ko ta tashi a cikinsa, ba ta buƙatar tafinta a wannan magana. Mun san ta, mun san muryarta, mun san inda take dosa. Ita ce dai maganar ƙarin aure aka sa mata gajeren wando.

Bari in ɗauko miki misali guda wanda ba ƙirƙira ba ne, ya faru a gaban idon duniya, kuma mazan unguwanninmu sun yi ruwa sun yi tsaki a cikinsa kamar da su aka raba gado. Kulob ɗin Manchester United na Ingila, wanda suke ce wa Man U, yana cikin waɗanda suka fi yawan magoya baya a gidajen kallon ƙasar nan. A shekarar 2021 kocinsu wani mutumin Nowe ne mai suna Ole Gunnar Solskjaer. Sunan da wuyar faɗa, shi ya sa ma mazan namu suka yanke shi suka bar Ole. Wannan mutum ɗan gida ne na asali. Ya buga wa kulob ɗin wasa daga 1996 zuwa 2007, kuma shi ne ya ci ƙwallon da ta ba su kofin Zakarun Turai a 1999, ana dab da tashi, a karawarsu da Bayern Munich ta Jamus. A ƙarshen 2018 aka kira shi ya karɓi gida a hargitse bayan an kori Mourinho, 'yan wasa ba sa ga maciji da koci, kowa ya kumbura. Ya lallaba, ya rarrashi wannan ya tausa wancan, har suka ƙare a na uku a gasar Firimiya a 2020, suka ƙare a na biyu a 2021. A watan Mayu na shekarar suka kai wasan ƙarshe na kofin Europa, Villarreal ta Sifaniya ta doke su a bugun fanareti, 11 da 10, bayan da gola ma sai da ya buga nasa ya ɓarar. Gaskiya ne bai ɗauki kofi ko ɗaya ba, wannan ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya tashi daga ƙasa ya kai na uku ya kai na biyu, ai ko makaho ya shafa ya san tafiya ake yi gaba.

To sai me? A watan Yuli na 2021 aka ƙara wa Ole kwantiragi na shekara uku. Ni da na ji wannan daga baya dariya ce ta kama ni, don mu a wajenmu sunan wannan kayan faɗar kishiya. Ka ba uwargida turmi biyu na atamfa da ɗan kunne, ka ce mata ke ce babba, gidan nan naki ne, ba wadda za ta taka ki. Ita kuma ta san me ke tafe.

Wata guda bayan nan, a ƙarshen Agusta, labari ya ɓulla cewa Cristiano Ronaldo zai bar Juventus ta Italiya, kuma ana raɗe-raɗin maƙwabtansu Manchester City ne za su ɗauke shi. Nan da nan Man U suka yi wuf suka sayo shi. Shi ma ba baƙo ba ne, ya zauna da su daga 2003 zuwa 2009 kafin a sayar da shi ga Real Madrid a kan fam miliyan 80. Wato dai kome aka yi. Kuma duk mun san irin mazan da ba sa tuna tsohuwar matarsu sai sun ji maƙwabci ya kai kuɗin gaisuwa.

Ranar da labarin ya tabbata, in kina zaune kusa da gidan kallo ko kina da ƙanne samari, ba sai na ba ki labari ba. Ihu, tafi, zagaya unguwa a babur, wanda bai biya kuɗin makarantar ɗansa ba ya je kasuwa neman riga mai lamba bakwai. Ana ta cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ba wanda ya tsaya ya ce, shin wannan zumar shekararta nawa? Shekararsa 36 a lokacin, kuma a sana'ar guje-guje wannan tsufa ne. Ba wanda ya ce, shin abin da gidan yake nema ke nan?

Ki lura da wani abu ma. Lamba bakwai ɗin nan tana da mai ita, wani ɗan wasa mutumin Yurugai ana ce masa Cavani, wanda ya ci musu ƙwallo 17 a kakar da ta gabata. Haka ya cire rigar ya miƙa, ya koma lamba 21. Mazan namu suka yi ta yabonsa, wai ya san girman manya, wai ya yi halin dattako. Haka dai ake yabon uwargidan da ta kwashe kayanta daga ɗaki ciki da falo ta koma na kusa da madafa don amarya ta samu wurin jere. A kakar da ta biyo baya ƙwallo biyu kacal Cavani ya ci, rauni ya dame shi, wasa ya yi masa wuyar samu, ƙarshen kaka ya tattara ya tafi, kuma ban ji majalisar da ta yi zaman jajensa ba.

Ranar 11 ga Satumba aka yi buɗar kai. Ronaldo ya fito a wasansu da Newcastle ya zura biyu, aka tashi 4 da 1. Tabɗi! Ranar ai gidaje da yawa an ci tsire. Bayan kwana uku suka je Suwizalan wani ƙaramin kulob mai suna Young Boys ya doke su 2 da 1. Laifin wa? Na koci. Ranar 25 ga wata Aston Villa ta zo har gida ta ci su ɗaya, aka samu fanareti ana dab da tashi, Bruno Fernandes wanda dama shi yake bugawa tun kafin zuwan Ronaldo ya buga ta yi sama. Laifin wa? Na koci, don me bai ce a bar wa Ronaldo ba. Ranar 2 ga Oktoba koci ya ce bari ya hutar da dattijon, ya fara wasa da Everton yana benci, aka tashi kunnen doki. Wayyo, ranar kamar a ci Ole ɗanye. In ya sa shi an sha kashi, bai iya amfani da shi ba. In ya ajiye shi, hassada yake yi masa. Ke da kika taɓa raba girki da amaryar da ake ɗoki, faɗa mini wace hanya ce mafita a nan? In kin yi magana kishi ne, in kin yi shiru mugunta kike ƙullawa.

Daga nan abu ya ci gaba da lalacewa. Ranar 24 ga Oktoba Liverpool, manyan abokan gabarsu, suka zo har filinsu na Old Trafford suka zuba musu biyar ba ko ɗaya, Mohamed Salah na Masar shi kaɗai ya ci uku. Ranar 20 ga Nuwamba Watford, wadda ita kanta a ƙarshen kakar faɗuwa ta yi daga gasar, ta ci su 4 da 1. Washegari aka ba Ole takardarsa. Wata huɗu ke nan da kayan faɗar kishiya, wata uku bai cika ba da tarewar amarya. Aka yi ta murna a gidajen kallo, wai an rabu da ƙaya.

To an rabu da ƙayar, sai aka ga me? Ga lissafi nan, kuma ki riƙe shi da kyau don ranar da gardama ta tashi. Kakar da ta gabaci zuwan Ronaldo, Man U ta ci ƙwallo 73 a gasar Firimiya, ta samu maki 74, ta zo ta biyu. Kakar da ya zo, aka kori Ole, aka kawo wani Bajamushe Rangnick ya riƙe, ƙwallo 57 suka ci, aka ci su 57, maki 58, suka ƙare a na shida. An kawo wanda ya fi kowa iya cin ƙwallo, cin ƙwallo ya ragu da goma sha shida. An kori wanda aka ce shi ne matsala, matsala ta ƙaru.

A nan fa sai mu yi hankali, don akwai ramin da mu mata muke yawan faɗawa. Kar ki ce ashe Ronaldo ne mugun, ashe amarya ce ta zo da farar ƙafa. Mutumin nan abin da aka sayo shi ya yi, ya yi. Ƙwallo 24 ya ci musu a duk gasannin kakar, ba wanda ya kamo shi a kulob ɗin, kuma akwai wasannin da ba don shi ba da kunyar ta fi haka. Abin da ya faru shi ne, Ole ya gina wasansa a kan samari masu gudu, waɗanda in an ƙwace ƙwallo za su bi su takura wa abokin karawa, in sun samu kuma su ruga a guje. Ɗan shekara 36 ba zai yi wannan wahalar minti casa'in ba, shi a kawo masa kusa da raga ya ƙarasa. Sai ya zama dole a sauya tsarin mutum goma saboda mutum ɗaya, ana tsakiyar tafiya. Kuma tun a lokacin masu sharhi da yawa sun yi ta faɗa cewa inda kulob ɗin yake da rauni tsakiyar fili ne, suna buƙatar mai tare hanya kafin a iso ga masu tsaron baya. Gida yana neman tukunya, maigida ya dawo daga kasuwa da madubi mai tsada. Madubin yana da kyau, ba wanda ya ce ba shi da kyau, amma ba a dafa tuwo a cikinsa.

To wa ya je kasuwar? Wannan ita ce tambayar da ban taɓa jin an tsaya a kanta ba a majalisun mazanmu, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro. A sa koci a gaba a yi ta tsinewa, a sa sabon ɗan wasa a gaba a yi ta kirari, in ɗoki ya wuce shi ma a juyo kansa, amma mai gidan yana can gefe ba mai ambatonsa.

Masu Man U wasu Amurkawa ne, iyalan Glazer. A 2005 suka sayi kulob ɗin, kuma yadda suka saye shi abin a jinjina kai ne: bashi suka ciyo na ɗaruruwan miliyoyin fam, sannan suka ɗora bashin a wuyan kulob ɗin, shi zai riƙa biya har da kuɗin ruwa daga abin da yake samu. Kafin zuwansu kusan ba a bin kulob ɗin komai. Kamar dai mutum ne ya ranto kuɗin sadaki da lefe, bayan an tare ya ce wa matar, to, da kuɗin ƙosanki da adashinki za a biya. Shekara da shekaru ana fitar da kuɗi ta wannan hanya, filin wasan yana tsufa ba gyaran kirki. A watan Mayu na 2024, ranar wasansu da Arsenal, aka yi ruwa mai ƙarfi, duniya ta ga ruwa yana kwararowa daga rufin Old Trafford kan kujerun 'yan kallo kamar an buɗe famfo. Kulob ɗin da ya sayi Jadon Sancho a kan fam miliyan 73 a 2021, ya sayi Antony a kan sama da fam miliyan 80 a 2022, shi ne rufinsa yake yoyo.

Ikon Allah, ita kanta amaryar sai da ta faɗi haka da bakinta. Bayan an kawo sabon koci Erik ten Hag ɗan Holan a 2022, zama ya ƙi daɗi tsakaninsa da Ronaldo. A watan Oktoba, a wasansu da Tottenham, aka ce ya shiga ana kusa da tashi ya ƙi, ya fice ya bar filin. A watan Nuwamba ya yi hira da wani ɗan jarida Piers Morgan, ya ce ba ya ganin girman kocin tunda shi ma bai ga nasa ba, ya ce wuraren atisaye da kayan aiki suna nan yadda ya bar su tun tafiyarsa ta farko, ya kuma ce masu kulob ɗin ba su damu da shi ba. Ranar 22 ga Nuwamba aka raba auren. Ƙarshen Disamba ya koma Al-Nassr ta Saudiyya. Wata goma sha biyar ke nan daga ihu da zagayen babur zuwa saki. Mazan namu kuwa sai suka rabu biyu, wasu na cewa koci ya wulaƙanta gwarzo, wasu na cewa tsoho ya cika girman kai. Maganar rufi da bashi da ya yi, wadda ita ce mai nauyin, ta bi iska.

Shi kuwa Sancho, wanda shi ma aka yi wa guɗa lokacin zuwansa, ya samu saɓani da ten Hag, aka ba da shi aro ga Dortmund inda aka sayo shi, aka sake ba Chelsea aro da sharaɗin za su saye shi. Da kaka ta ƙare a 2025, Chelsea suka gwammace su biya tarar fam miliyan 5 su mayar da shi. Kin taɓa jin inda aka biya kuɗi don a mayar da amarya gidansu? To ga shi an yi.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne, su Turawan da abin yake garinsu sun fi namu sanin inda gizo yake saƙa. Ranar 2 ga Mayu 2021 magoya bayan Man U suka yi zanga-zangar ƙin jinin iyalan Glazer, har suka kutsa cikin filin, dole aka ɗage wasansu da Liverpool. Ban ce kutsen daidai ne ba, amma aƙalla sun san ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa. Namu kuwa da suke kallo ta akwatin talabijin a rumfar kwano, janareto na hayaƙi, bakinsu bai wuce a kori koci a sayo wane ba. Kuma na san dalili. Mutumin da ya saba a gidansa in abu ya lalace ya dubi matarsa, in ya gaji da dubanta ya fara neman wata, ba zai taɓa kawo wa ransa cewa mai gida ma yana laifi ba. In ya yarda da haka a Manchester, gobe sai a tambaye shi a Kurna ko a Gyaɗi-gyaɗi. Laifi tudu ne.

Su fa waɗannan masu kiran a kori koci, in kin tambaye su wane ne gwanin gwanaye, za su ce miki Alex Ferguson, wanda ya ɗaukar wa kulob ɗin kofin Firimiya sau 13. To Ferguson ya zo a watan Nuwamba na 1986, bai ɗauki kofin komai ba sai a 1990, bai ci gasar ƙasar ba sai a 1993. Da a hannun 'yan majalisar unguwarmu yake, ko shekara ba zai rufa ba. Ya yi ritaya a 2013. Wanda ya gaje shi, David Moyes, an ba shi kwantiragin shekara shida aka kore shi a wata na goma. Van Gaal ya ɗauko kofin FA a 2016, bayan kwana biyu aka sallame shi, ko gajiyar biki bai sauke ba. Sai Mourinho, sai Ole, sai ten Hag wanda ya kawo kofi biyu shi ma aka kore shi a Oktoban 2024. A kakar da ta ƙare a 2025 kulob ɗin a na goma sha biyar ya ƙare. In kika ga namiji ya auri biyar ya saki biyar, kowacce ya ce ba ta da hali, ai ko kakarki ta ƙauye ta san sunansa: auri-saki. Ba wadda za ta ce a je a binciki halin matan.

Na san abin da maigidanki zai ce in kin karanta masa wannan. Zai ce ke ba ki san ƙwallo ba, koci ai ma'aikaci ne, biyansa ake yi maƙudan kuɗi, in bai yi aiki ba dole a canja shi, kuma Ole ɗin ma yana da kurakuransa. Ki ce masa haka ne, ranka ya daɗe. Akwai kocin da ya cancanci kora, kamar yadda akwai zaman da rabuwa ta fi alheri. Kuma gaskiyarsa ne, kwatancen nawa yana da inda ya gaza, sai dai ba ta inda yake zato ba. Shi koci in an kore shi da jakar kuɗi yake fita. Sallamar ten Hag da mataimakansa sai da ta ci wa kulob ɗin sama da fam miliyan 10. Ita kuwa uwargidan da aka ɗora wa laifin talaucin gida da rashin kwanciyar hankali, da me take fita? Da buhun kayan sawarta, da goyo a baya, da biyu a hannu, ta koma ɗakin tsohuwa ana yi mata kallon wadda ta kasa haƙuri. Ole ba abin da ya rasa. Ba shi nake jin tausayi ba.

Kar kuma a ce sai a ƙasar Turawa. A nan gida muna da Kano Pillars, Sai Masu Gida, kulob ɗin gwamnatin jiha, waɗanda suka ci gasar ƙasar nan a 2008, 2012, 2013 da 2014. A watan Afrilu na 2021 Ahmed Musa, kyaftin ɗin Super Eagles a lokacin, wanda a Pillars ɗin ya fara yin suna kafin ya tafi Turai, ya dawo ya sa rigarsu. Shi ma kome ne, an yi murna ƙwarai, kuma yaron ya kyauta da ya tuna gida. Bayan 'yan watanni ya samu kulob a Turkiyya ya tafi. A 2022 Pillars suka faɗa rukuni na biyu. Cikin abin da ya jawo musu har da maki uku da hukumar gasar ta zaftare musu saboda rikicin da magoya bayansu suka tayar a wasansu da Katsina United a filin Sani Abacha, inda aka farfasa motar baƙin. Wato masu ihun koci ya kashe mana kulob, da hannunsu suka jefi kulob ɗin. Sai a 2023 aka samu aka dawo.

Ku kuma 'yan mata da ake zuwa zance wajenku, ga wata dabara kyauta. Saurayi yana iya ɓoye halinsa a kan komai, ya yi miki muryar malamai, ya yi miki alkawarin duniya, amma ba ya iya ɓoyewa ranar da aka ci kulob ɗinsu. Ki ja shi da hirar. Ki ji yadda yake maganar kocin da ya yabe shi wata biyu da suka wuce. Ki ji yadda yake maganar ɗan wasan da ya yi musu shekara takwas yana wahala yanzu ƙafa ta fara nauyi, ko zai ce a sallame shi cikin mutunci, ko kuwa cewa zai yi ya ƙare a zubar. Ki ji ko ya taɓa ambaton masu kulob ɗin. Ba na ce ki fasa aure saboda ƙwallo ba, amma wata rana ke ce za ki yi shekara takwas ɗin.

Ke kuma uwargida, in ya shigo yana washe baki wai sun yi babban kamu, ba sai kin ɓata rai ba. Ki zuba masa abinci, ki bari ya ci ya sha ruwa, sannan ki tambaye shi cikin ladabi: Baban Abba, shi wannan sabon da aka sayo, wa zai tashi ya ba shi wuri? Da kuɗin wa aka sayo shi? Wurin da ake cin ku ta nan, shi zai tsaya? In ya amsa miki da ilimi, to ki gode, kin samu mai tunani, sai ki ɗora da zancen kwanon ɗakin yara tun damina ba ta kankama ba. In kuwa ya ce ke dai ba ki gane ba, sunansa kaɗai ya isa, to kin ji irin lissafin da za a yi ranar da aka fara shigo da akwatuna.

Af, na kusa mantawa da rufin. A farkon 2024 wani attajirin Ingila, Jim Ratcliffe, ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kulob ɗin, aka miƙa masa ragamar harkar wasa, iyalan Glazer kuma suka ci gaba da riƙe kaso mafi tsoka. A watan Maris na 2025 aka tara 'yan jarida aka nuna musu zanen sabon filin wasa da za a gina, mai cin mutum dubu ɗari, a kan kuɗi wajen fam biliyan 2. Zanen ya yi kyau matuƙa, mazan namu suka yi ta tura wa juna hotonsa a waya. Ke ma na san an taɓa ɗaukar ki a babur aka kai ki bayan gari aka nuna miki fili, aka ce nan ne falonki, nan ne madafa, can kuma ɗakin yara. Kika ce Allah ya nuna mana, kuka dawo gida, hadari ya haɗo, kika jawo bahon wanki kika tara a inda kika saba tarawa.